Sirinjin da Ba a Matsa Ba

Cikin duk ranakun da na yi a wannan aiki, wadda ta ƙi barin raina ita ce wata Laraba da damina, a kan hanyar Manga, ranar da na sa hannu a aljihun wandon Saja Bitrus na ciro sirinji cike taf. Shi Saja ya riga mu gidan gaskiya, shi ya sa bakina ya buɗe yau. Da yana raye, ko wuƙa aka ɗora mini a wuya ba za ku ji shi daga gare ni ba.

Ku da kuka shigo kwanan nan kun same ni da kyamara a kafaɗa, kuna ce mini Oga Haruna. A lokacin ba ni da wannan girma. Ni ne mai kula da kayan wasa da tufafi, wato duk abin da ɗan wasa zai sa ko zai riƙe, daga hula har sandar dogarawa, a wuyana yake. Ƙungiyar tamu ƙarama ce, a nan Zuru. Mukan ɗauki gajerun wasannin barkwanci mu ɗora a intanet, wani gidan talabijin a Birnin Kebbi kuma yana ba mu 'yan mintuna ranar Asabar. Shugabanmu shi ne Darakta Nasiru, mutumin Argungu, mai yawan faɗa amma ba ya riƙe kowa a zuciya.

Saja Bitrus tsohon soja ne, dogo, furfura ta gama cin kansa, amma idan ya miƙe tsaye sai ka ce an daidaita shi da magwaji. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aiki a Kaduna, shi kaɗai yake zaune a wani ƙaramin gida a gefen gari, wajen duwatsu. Wata rana muna ɗaukar wasan layin karɓar taki kusa da gidansa, muka rasa tsoho a cikin layin. Yana zaune a ƙofa a kan kujerar roba yana kallonmu, sai Darakta ya roƙe shi ya tsaya mana.

Layin ya daɗe, don an yi ta maimaitawa. Can sai tsohon ya fara sauya ƙafa, yana haɗa gwiwa, yana waige-waige kamar mai neman hanyar gudu, gumi na tsattsafo masa a goshi. Darakta ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Baba, wanga abu da kaka yi, wa ya koya maka? Wallahi kai ɗan wasa ne tun haihuwa!"

Saja ya yi murmushi ya wuce gida da sauri. A ranar aka haifi Baba A-Tsaya, tsohon da fitsari ke matsa wa a inda babu damar fita: a cikin mota, a layin banki, a gaban surukai, a taron da mai jawabi ya ƙi sauka. Yakan yi ta roƙo, "Direba, a tsaya! Don Allah a tsaya!" Ba a tsayawa. Ƙarshen kowane wasa iri ɗaya ne, wando ya jiƙe, a yi ta dariya.

Bari in faɗa muku yadda ake yin wannan, don na ga wasunku suna ɗauka da buta ake watsa wa mutum ruwa. Babban sirinji ake samu, irin na likitan dabbobi, a haɗa shi da siririyar robar ƙarin ruwa. A huda aljihu, a zura robar ta cikin wando, a manne bakinta a cinya da filasta. Sirinjin yana aljihu, ɗan wasa ne ke matsawa da kansa idan lokaci ya yi. Ba ruwa zalla ake zubawa ba, ruwan shayi ne tsinkakke, don ya fi fita a hoto. Kuma dole ya zama mai ɗumi, in ba haka ba mutum zai zabura kafin a ga komai. Wando kuwa kaki mai haske ko ruwan toka, baƙi ba ya nuna jiƙa. Nakan tanadi wanduna iri ɗaya, saboda duk maimaici yana bukatar busasshe.

Tun ranar farko Saja ya kafa mini doka. Ni zan cika sirinji in manne roba, amma cirewa da wanki nasa ne.

"Ɗana, soja ba ya ba wani wankin wandonsa," in ji shi.

Na ji daɗi, don ya rage mini aiki. Da an ce a yanke, wato an gama ɗauka, sai ya ɗauki jakarsa ya nufi inda muka keɓe masa, ya fito tsaf yana ƙamshin turare, jiƙaƙƙen wando a ƙulle cikin leda.

Ban taɓa ganin mai son wurin aiki irinsa ba. Idan an ce ƙarfe tara, shi tun bakwai yana nan. Ranar da babu fitowarsa ma yakan zo, ya ce in sa masa kayan ko da Darakta zai canza shawara. Sai ya zauna da wandon kaki da sirinji a aljihu, yana ba mu labarin Laberiya, yana gyara wa samari yadda ake sara wa babba, yana tsokanar mai kawo mana shinkafa cewa miyarta ba ta kai ta bariki ba. Shi ne na ƙarshen tashi. Mukan ce tsoho ya kamu da son suna.

Suna kuwa ya yi shi. A kasuwa, 'yan acaɓa na hango shi sai ihu, "Baba, a tsaya!" Har Sakaba da Dirin Daji an san shi. Amma intanet ba ta da linzami. Wasu suka riƙa yanko wurin jiƙewar kawai, babu farkon labari babu ƙarshe, suna haɗawa da na wasu finafinai suna yaɗawa. Mutanen da ko gaisuwa ba su iya da Hausa ba suna rubuto mana daga wasu ƙasashe wai a ƙara tsawon wurin. Darakta yakan karanta ya girgiza kai ya ce, "Duniya da faɗi take, mi sunka gani ga wandon tsoho?"

To, ranar Larabar. Mun yi hayar tsohuwar bas muna ɗaukar wasan mota a kan hanyar Manga. Hadari ya haɗo daga gabas, Darakta yana ta kallon sama yana zagin kowa. Aka ɗauki wurin, ya yi kyau ƙwarai, sai mai sauti ya ce ƙarar babur ta shiga, a sake. Saja ya shiga wani kango a bakin hanya don ya canza. Darakta ya daka mini tsawa in je in taimaka masa kafin ruwa ya sauko.

Na shiga ba sallama, abin da ban taɓa yi ba. Ya riga ya sa busasshen wando, jiƙaƙƙen yana rataye a kan bulo. Na fizgo shi na zura hannu a aljihu don in sake cika sirinji. Sai na ga shayin yana nan yadda na zuba shi, ko ɗigo bai ragu ba. Na dubi sirinji, na dubi wando. A nan hancina ya gaya mini sauran.

Na ɗago na dube shi. Shi kuwa ya tsaya a miƙe, hannuwa a gefe, kamar wanda aka kira gaban kwamanda.

"Ka gani," ya ce.

"Baba, ban ga komai ba."

"Ka gani, Haruna. Kada ka yi wa tsoho ƙarya."

Ruwa ya tsuge a daidai lokacin, su Darakta suka ruga cikin bas, mu biyu muka maƙale a ɓangaren kangon da ke da kwano. A nan ya ba ni labari, idonsa a kan ruwan, bai dube ni ba ko sau ɗaya. An yi masa aikin mafitsara a Sakkwato 'yan shekaru da suka wuce. Ciwon ya tafi, amma riƙon fitsari ya tafi tare da shi. Wata rana ya yini lafiya, wata rana kuma abin ya zo masa babu sallama. Ya koma asibiti, an ba shi magani, an koya masa motsa jiki, ya ɗan ragu amma bai daina ba.

"A coci ya fara kama ni," ya ce. "Ina tsaye cikin zumuntar maza muna waƙa. Allah ya taimake ni rigata doguwa ce. Na fita ta ƙofar baya, tun ranar ban koma ba. Na ce musu ƙafa ke damuna. Taron tsoffin sojoji na bari. Biki na bari. Ko jana'iza, daga nesa nake tsayawa. Kasuwa in zan je, tun daren jiya ba na shan ruwa."

Na ce ai akwai famfas na manya, ana sayarwa a kemis ɗin Inyamurai na bakin tasha.

"A Zuru? In na saya da safe, kafin azahar an ji a Manga. Matar mai kemis ɗin tana zumuntar mata ta cocinmu."

Sai ya ɗan yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"Ranar layin taki, kun ce na iya wasa. Ba wasa nake ba, ɗana. Da Darakta ya ce ga abin da zan riƙa yi, na kwana ina tunani. Sai na ga nan ne kawai wurin da zan zauna cikin mutane daga safe zuwa yamma, in sha ruwa, in ci abinci, in yi dariya. In abin ya zo, ai aikina ne. Ko ya zo ba a kan lokaci ba, sai in ce hannuna ya taɓa sirinji. Yawanci ma sirinjin ne. Yau dai ya riga ni, na manta ban zubar da shayin ba."

Na tuna sau nawa ya ce mini sirinjina yana yoyo, ni kuma ina ta ba shi haƙuri ina canza roba. Ya sa na yi masa alkawari, na yi. Da ruwa ya ɗauke, na zubar da shayin a bayan kango, na cika sabo, muka fita aka sake ɗauka.

Daga ranar na zama abokin sirrinsa. Nakan keɓe masa wurin canza kaya nesa da mutane, in ajiye bokitin ruwa da sabulu. Idan na ga ya yi shiru yana kallon ƙasa, sai in ɗaga murya in ce, "Kai, wannan roba ta sake fashewa!" A zage ni, a ce ba na kula da kaya, a wuce wurin. Darakta ya taɓa ce mini in na ƙara sayen roba mai arha zai kore ni. Zagi bai taɓa yi mini daɗi irin na wannan lokaci ba.

Aka yi girbi, aka shiga rani. Sai ɗaya daga cikin yankakkun hotunan nan ya kai ofishin 'yarsa a Kaduna. Abokan aikinta suna kallo suna dariya, ba su san mahaifinta ba ne. Ta kira shi tana kuka, ya lallashe ta. Da ta ga bai bari ba, sai ta kira shugaban tsoffin sojoji na yankin, wani Manjo mai ritaya.

Manjo ya zo ofishinmu da rakiyar dattawa biyu, wata safiyar Litinin. Ofishin ɗaki ɗaya ne, benci biyu da teburin kwamfuta. Aka aika aka kira Saja. Ya shigo da baƙin wando, leɓɓansa a bushe sun tsattsage, na san tun jiya bai sha ruwa ba. Aka ba shi wuri ya ƙi zama, ya tsaya kusa da ƙofa.

Manjo bai yi faɗa ba, kuma ban ga laifinsa ba har yau. Ya ce wa Darakta, "Wannan ƙasa tamu sojoji ta haifa. Kowane gida a nan akwai wanda ya sa kaki. Mutumin nan ya je Laberiya ya dawo, na san abin da ya yi a can. Yau jikokinmu suna nuna shi da yatsa, baƙi a wasu ƙasashe suna kallon wandonsa. Mun ga ya daina zuwa taro, ya daina zuwa coci. Kunyar abin da kuka mayar da shi ce ta hana shi."

Darakta ya sunkuyar da kai. "Yallaɓai, wallahi ba mu tilasta mai ba. Ga shi nan, a tambaye shi."

Manjo ya juya. "Saja, sun tilasta ka?"

"A'a, sa."

"Yunwa ce? In fansho ne bai isa ba, ka faɗa, muna nan."

"A'a, sa."

"To daga yau ka bari. Ka ji?"

Ku da ba ku tashi a gidan soja ba, ba za ku gane wannan wuri ba. Ritaya tana karɓe kaki da bindiga, amma ba ta karɓe muƙami. Saja ba ya musu da Manjo, ko da dukansu sun kai shekarun da sanda ke riƙe su. Manjo yana ganin tambaya ya yi, amma a kunnen Saja umarni ne tun daga kalmar farko.

Na buɗe baki. Ban san abin da zan ce ba, amma na buɗe. Saja ya dube ni, ya girgiza kai kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani. Na rufe bakina.

"Na ji, sa," ya ce.

Dattawa suka tashi suna murna sun ceto mutuncin ɗan'uwansu. Manjo ya dafa kafaɗarsa ya ce yana jiran ganinsa a taro ƙarshen wata. Saja ya sara masa, ya juya ya tafi da sauri, bai tsaya sallama da kowa ba.

Darakta mutumin kirki ne, abin ya dame shi. Ya zauna ya rubuta wa Saja sabon matsayi, mai unguwa, dattijo mai raba gardama. Ya sa na ɗinko farar babbar riga da farin wando. Aikinsa ya zauna a kan kujera a tsakiyar mutane, a yi ta kawo masa ƙara. Na kai masa saƙon da kaina. Ya shafa farar rigar, ya ninke ta, ya mayar mini.

Na ce za a iya canza ta da baƙa. Na ce zan roƙi Darakta a gajarta fitowarsa. Da na je Kontagora sayen kaya na sayo masa famfas ɗin a inda ba a san mu ba, na kawo a cikin kwalin taliya. Ya yi godiya sosai, ya gwada, har ya je coci sau ɗaya ya zauna a bencin ƙarshe.

"Yana riƙewa," ya ce mini bayan haka. "Amma ni ina ji, kuma sai in ga kamar kowa ya ji. Ban san abin da fasto ya faɗa ba, hankalina yana kan ƙofa. A wurinku ba na tsoro, Haruna. Tsoron ne ya dawo."

A ƙungiya aka ce tsoho ya yi fushi. Wasu suka ce girman kai ne, ya saba zama tauraro ba zai karɓi ƙaramin matsayi ba. Tsoffin sojoji suka ce kunya ce ba ta sake shi ba, a ba shi lokaci. 'Yarsa ta turo masa sabuwar waya don ta faranta masa. Kowa ya samo bayaninsa ya kwanta a kai, aka ci gaba da aiki. Ni kaɗai nake zaune da gaskiyar, kuma zama da ita cikin mutanen da ke dariya wani irin kaɗaici ne da ban san da shi ba sai lokacin.

Nakan leƙa shi idan na samu sarari. Kujerar robar ta bar ƙofar gida ta koma tsakar gida, kusa da banɗaki. Wata rana ya ce yana da roƙo.

"Abin nan da kuke zubarwa fa? Wanda kyamara ke ɗauka kafin a fara, ana surutu, ana jiran rana ta fito. Yana nan?"

Na ce yana cikin kwamfuta, sai ta cika ake gogewa. Na tambaye shi ko wasanninsa yake so in haɗo masa.

"A'a, wasan ba na so. Surutun nake so."

Na kwashe masa duk abin da na samu a memori, tarkacen da ba shi da kai ba shi da gindi: gardamar ƙwallo, mai sauti yana neman batir, mai shinkafa tana rantsuwa ba za ta ƙara kawo mana abinci ba. Na sa masa a waya na nuna masa inda zai danna.

Bayan kamar mako biyu na bi ta gidan da rana tsaka. Ƙofa a rufe, unguwa shiru, kowa yana gona ko kasuwa. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa sai na ji hayaniya a ciki, har na yi murna na ce ya yi baƙi. Sai na gane dariyata ce. Na ji muryar Darakta daga cikin waya tana cewa, "Ku yi shiru hwa! Baba, ka shirya?"

Daga tsakar gida, da muryarsa ta gaske, da ƙarfi, Saja ya amsa, "Na shirya, Darakta."

Na sauke hannuna. Na daɗe a tsaye a rana, sannan na koma bakin hanya na zagayo ina tari da ƙarfi, don ya samu lokacin kashe wayar.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. A wannan sana'a muna ganin mun san dalilin da ya kawo kowa gaban kyamara, mu ce suna ne ko abinci. Ba mu sani ba. Wani dariyar da ake yi masa ita ce kaɗai inuwar da ya samu. Ban ce ku riƙa wulaƙanta tsofaffi don a kalla ba, ni kaina tun daga lokacin ban ƙara haɗa wa kowa wannan roba ba. Amma duk ranar da tausayi ya kama ku kuka tashi cire mutum daga wani matsayi don ku kare masa mutunci, ku ja shi gefe tukuna, inda babu ogansa, babu 'ya'yansa, ku tambaye shi ina zai je gobe da safe. Mu babu wanda ya tambayi Saja. Mutuncinsa ya dawo cif, kowa ya shaida a ranar jana'izarsa, kuma ranar ce karo na farko da gidan ya cika da mutane.